Beryl Guguwa da Gilasan Tregear

A Moonta aka haifi Beryl Trevaskis, shekara guda bayan an rufe ramukan haƙar tagulla na garin, lokacin da maza suka fara watsewa neman aiki, dogayen bututun hayaƙi suka tsaya ƙiƙam babu hayaƙi. Mahaifinta ya koma dakon buhunan alkama a tashar jiragen ruwa ta Wallaroo. Mahaifiyarta kuwa mace ce mai coci da wanki, wadda ta yi imani cewa yarinyar kirki ita ce wadda za a ajiye a wuri a dawo a same ta. Beryl ba a taɓa samunta inda aka ajiye ta ba. A coci ƙafarta ke kaɗawa har benci ya ɗauka, tsofaffi su juyo suna harara. Idan an aike ta sayen burodi sai a ji labarinta a bakin teku. Mahaifinta ne ya laƙaba mata Guguwa, sunan kuma ya bi ta har kabari.

Tana da shekara goma sha takwas Japanawa suka zuba wa birnin Darwin, can arewacin ƙasar, bama-bamai. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Adelaide da niyyar shiga soja, a ba ta babbar mota ta tuƙa zuwa arewa. Mutumin da ke raba aiki ya saurare ta har ta gama, ya dubi siraran yatsunta, ya tura ta wurin Tregear.

A lokacin kamfanin Tregear bai kai a kira shi kamfani ba. Shago ne a Thebarton, wata unguwa ta Adelaide, inda tsoho Josiah Tregear yake yanka gilashin tabarau, yana gyara wa masu safiyo madubinsu na awon ƙasa idan ya faɗi a daji. Kafin yaƙi duk wani gilashin kirki daga Jamus ko Ingila yake zuwa. Yaƙi ya toshe hanya, ga igwa an ƙera, babu madubin saiti. Hukuma ta bi duk wanda ya taɓa riƙe gilashi a ƙasar nan, har ta kai kan tsohon. Ya kafa rumfar kwano a bayan shago, ya jera benci, ya cika ta da 'yan mata suna gugar gilashi da ruwa da wani jan gari mai kama hannu kamar lalle.

Aikin na mai haƙuri ne. A zauna, a goga, a duba, a sake gogawa. Beryl ba ta yi mako ba duk layin benci ya fara kuka da ita. Tsohon ya shigo da sandarsa, ya ɗora tafin hannu kan tebur, ya ji yana rawa.

"Wace ce take girgiza mini duniya?"

'Yan mata suka sunkuyar da kai suna dariya.

"Ke 'yar Moonta. Ƙaiƙayi aka zuba a kujerar taki?"

"Ba ni ba ce, Mista Tregear. Ƙafar ce."

"To, tsakanin ke da ƙafar wa yake ba wani umarni?"

"Mun daɗe muna wannan shari'a, ba a yanke ba."

Ta riga ta fara murna a ranta, tana jiran a kore ta ta koma maganar motar soja. Tsohon ya ce ta biyo shi. A ƙarshen rumfar akwai ganga cike da yashi, a kanta ake gugar manyan gilasai da hannu. Wannan aiki ba a yinsa a zaune. Mai yi yana tura gilashi gaba, ya jawo baya, yana kewaya gangar a hankali don kada gefe ɗaya ya fi wani cinyewa. Mazan da aka ba aikin duk sun yi ƙorafin jiri da ciwon baya. Beryl ta kama kewaye da safe, ba ta tsaya ba sai da aka buga ƙarfen shayi. Haka ta ƙare shekarun yaƙin, tana zagaya ganga, tana kallon ƙofa duk lokacin da ta zo saitinta. Gilasanta sun je New Guinea, sun je tsibiran da ba ta iya faɗin sunansu ba. Wannan ya tsaya mata a rai.

"Kowane gilashin da na goga ya riga ni ganin duniya," ta kan ce wa 'yan mata lokacin cin abinci, tana tsaye da fastinta a hannu, naɗin nama da dankali irin na gida. "Ni ga ni nan, kamar jakin rijiya."

Da aka gama yaƙi aiki ya ɗauke cak. Aka sallami mata, wasu na kuka. Beryl ba ta ko tsaya bikin sallama ba. Ta sami aikin girki a sansanin masu gyaran layin dogo can cikin filin Nullarbor, inda babu itace ko ɗaya da zai tare ido. Daga nan ta yi girki ga masu askin tumaki, ta yi wankin kwanuka a otal a Broken Hill, ta sake komawa layin dogo. A can ta haɗu da Clem Hosking, shugaban wata ƙungiyar masu gyara, mutum mai faɗin kafaɗa da sanyin magana, wanda zai iya zama kan akwati ya kalli faɗuwar rana har ta ƙare bai motsa ba. Mutane suka ce wannan aure ba zai kai Kirsimeti ba. Clem ya ce shi bai ga abin damuwa ba, jirgi ma komai gudunsa yana bukatar tasha.

Suka dawo Adelaide saboda ciki. Clem ya sami aiki a wurin gyaran taragai, suka kama gida mai ɗan fili, ya shuka tumatir. Aka haifi Merrilyn. Beryl ta share gida, ta sake sharewa, ta canja wa kujeru wuri har Clem ya daina shiga falo ba tare da ya duba ba. Ranar da yarinya ta shiga makaranta, Beryl ta raka ta ƙofa, ba ta koma gida ba, ta wuce Thebarton.

Tsoho Josiah ya rasu. Ɗansa Alwyn ne yake riƙe da kamfani, siririn mutum mai taba a leɓe, wanda ya yi yaƙi a sashen rediyo ya dawo kansa cike da wayoyi. Shi ya hana wurin mutuwa bayan yaƙi, da madubin ganin ƙananan halittu na makarantu da madubin safiyo, amma hankalinsa ba a nan yake ba. A lokacin ana gwajin rokoki a Woomera, can cikin hamada, kuma Tregear ya sami aikin ƙera wasu manyan madubai masu kyamara waɗanda ake juyawa da hannu a bi roka a sama. An kai su can, rairayi da zafi sun fara cinye su. Ana bukatar wanda ya san gilashi ya je ya zauna da su.

"Na yi wa mutum uku magana," in ji Alwyn, "kowa ya ce matarsa ba za ta yarda ba."

"Ni ba ni da mata."

"Kina da miji, Beryl."

"Mijina ya san abin da ya aura."

Da yamma ta sami Clem yana ba tumatir ruwa, ta faɗa masa. Bai kashe ruwan ba.

"Har yaushe?"

"Wata uku. Wataƙila."

"Wataƙilar taki na sani. Ki faɗa wa yarinyar da bakinki, ni ba zan faɗa miki ba."

Ta faɗa mata a gurguje, tana ɗaure akwati.

Duk wanda ya san Beryl ya ce ba ta taɓa yin kyau irin na shekarun Woomera ba. Ta yi baƙi, ta rame, tana dariya da ƙarfi. Maduban suna warwatse a wurare masu nisa da juna, kullum tana cikin mota daga wannan zuwa wancan da akwatin goge-gogenta, ƙura na bin ta. Wata rana yarinyar da ke juya ɗaya daga ciki ta suma saboda zafi ana dab da harbi, aka ce Beryl ta hau kujerar. Ta sa ido, ta kama hannun juyawa. Ƙasa ta yi girgiza, abin ya tashi da wuta a gindinsa, ita kuwa ta bi shi, ta bi shi har ya zama ɗigo, har ɗigon ya ɓace cikin shuɗi. Ta sauko daga kujerar ta nufi mota. Ta ce wa direba tunda aka haife ta yau ne ta ga abin da ya fi ta sauri.

Wata uku suka zama shekara, shekara ta zama biyu, tana zuwa gida hutu tana komawa. A wani zuwan ta shigo da tsaraba, ɗan dutse mai walƙiya da ta saya a hannun wani mai haƙa. Ta tarar da Merrilyn a kicin tana yanka burodi, an yi mata kitso irin na maƙwabciya, ta yi tsawo. Yarinyar ta karɓi dutsen da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye a taga. Sannan ta ɗora buta.

"Sannu da zuwa. Kwana nawa za ki yi mana wannan karon?"

Babu rashin kunya a muryar. Haka ake tambayar baƙo don a san yawan abincin da za a dafa. Beryl ta fita bayan gida, ta tsaya cikin tumatir, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta koma Woomera ta ƙarasa zangon da ta ɗauka, sannan ta ce wa Alwyn ya nemi wani.

Ta dawo ta tarar kamfani ya canja kama. Alwyn ya sami abin da yake so: sabuwar masana'anta a Salisbury, farin gini mai sanyi, da suna a rubuce da manyan baƙaƙe. Gilashi ya koma ɗaki guda a baya. Gaba duk kayan lantarki ne, ƙananan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa da ake liƙawa da dalma a kan faranti. Mata ne cike, 'yan Italiya da Girka da waɗanda jirgi ya sauke daga Ingila, kowa da farar riga da hula, a ɗakin da babu taga don kada ƙura ta shiga. Beryl ta shiga ta duba bango huɗu.

"Alwyn, wannan asibiti ne ko kurkuku?"

"Ci gaba ne."

"Ci gaba ba shi da taga?"

"Ba zan zaunar da ke ba, kada ki ci ni. Ke ce mai kula da layi. Ki yi ta yawo tsakaninsu har takalminki ya ƙare."

Ta yi ta yawo kuwa. Matan suna jin takunta tun daga nesa. Ta koyi zagi da yare uku, ta san wadda mijinta ke sha da wadda ke aika wa uwa kaya gida. Lokacin shayi takan fita ta zagaya ginin ko da ruwa ake. Sau da yawa ta rubuta takardar barin aiki a zuciyarta, don an ce ana ɗaukar mata a jiragen kamun jatan lande a arewa, ko an ce sabon gari ya tashi a yamma inda ake haƙar ƙarfe. Sai ta dawo gida ta ga Merrilyn tana aikin makaranta a tebur, ta ɗaga kai ta dube ta da irin kallon nan, sai Beryl ta cire takalmi. Tsakaninsu bai taɓa yin faɗa ba, bai kuma taɓa yin ɗumi ba. Da Merrilyn ta gama makaranta ita ma ta shiga Tregear, ɗakin gwaji, ta zauna a kujera guda ba ta sake canjawa ba.

Sai kayan Japan suka fara shigowa. Wata safiya Alwyn ya kira Beryl ofis, ya ajiye mata wani madubin makaranta a tebur, sabo fil cikin akwatinsa. Ta sa ido, ta juya, ta cire gilashin ta ɗaga shi ga haske.

"Wannan aiki ne mai kyau."

"Na kira ki ne ki ce ba shi da kyau."

"To ka kira wata. Wanda ya goge wannan ya san hannunsa."

"Kuma ya fi namu araha nesa ba kusa ba." Ya murƙushe taba. "Baba zai juya a kabari."

"Babanka da ya gani, saya zai yi ya kwance ya ga yadda suka yi."

Kafin ƙarshen shekarar aka rufe ɗakin gilashi. Tsofaffin maguga suka watse, wasu suka koma masana'antar motoci. Abin da ya ceci kamfani wata na'ura ce da Alwyn ya daɗe yana fama da ita, mai harba siririn jan haske ta auna nisa, wadda masu safiyo da masu haƙar ma'adinai suka yi rububinta. Gilashin cikinta ma daga waje ake sayowa.

Clem ya kusa ritaya. Wata Asabar ya dawo gida yana jan ɗaki mai taya a bayan mota, irin wanda tsofaffi ke yawon ƙasa da shi, da gado da murhu a ciki. Ya faka a gefen gida ya fito yana goge hannu.

"Kin zauna mini, tsohuwa. Yanzu ni zan tashi miki. Mu zagaye ƙasar nan kaf, ta bakin teku, mu ga ko za ki gaji."

Beryl ta shiga ɗakin ta fito, ta sake shiga, ta buɗe kowace durowa. Ta sayi taswira ta manna a kicin. Saura 'yan watanni a tashi, Clem ya faɗi a lambu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace.

Ta bar Tregear a makon. Masu cewa ba za ta iya ba sun fi yawa, har da Merrilyn, wadda ta fara tambayar gidajen kula da marasa lafiya a ɓoye. Beryl ta ɗaga shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki. Idan ya yi barci sai ta yi ta safa da marwa a baranda kamar kura a keji. Clem na jin takun daga gado. Da maganarsa ta ɗan dawo, abin da ya fara haɗawa shi ne, "Tafi... ki zaga."

"In bar ka da wa?"

"Kina... sa ni jiri."

Sai ta samo keken marasa lafiya, ta ɗora shi, ta rufa masa bargo, ta tura. Da farko zuwa kwanar layi. Daga baya har kasuwa, har bakin kogi, wata rana har teku, inda sai da wani mai motar kaya ya dawo da su saboda taya ta fita. Unguwa ta saba da ganinsu, doguwar tsohuwa tana tura ƙaton tsoho da gudu kamar an biyo su, shi yana riƙe da hularsa da hannu mai lafiya. Yara na yi musu kirari. Clem ya ce bai taɓa sanin Adelaide tana da girma haka ba. Shekaru suka tafi a haka, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin ɗaki mai taya.

Clem ya rasu da rani. Alwyn ya zo jana'iza da kwat ɗin da ta yi masa yawa. Ya riga ya sayar da kamfani ga wasu daga ƙetare. Sun bar sunan a bango, sun bar ɗakin gwaji da masu zane, sauran aikin sun kai wata ƙasa.

"Yanzu me kake yi da kanka?" Beryl ta tambaye shi.

"Ina tashi da safe in sa takalmi, sai in tuna ba inda za ni. Ke ya kike yi da wannan abin duk shekarun nan?"

"Ba a yin komai da shi. Sai dai ka fita."

Ba a yi wata biyu ba Beryl ta sa aka canja wa ɗaki mai taya tayoyi, aka kori gizo-gizo daga durowa. Merrilyn ta zo ta tsaya a ƙofar gida da hannu a ƙirji, mace mai shekara kusan arba'in da 'ya'ya biyu.

"Mama, kin haura sittin. Idan mota ta mutu a daji fa?"

"Sai in jira wani ya zo. Shigo mu tafi."

"Ina da aiki."

"Kina da hutun da ba ki taɓa ɗauka ba. Ki raka ni Port Augusta kawai, ki hau bas ki dawo."

Abin da ba wanda ya zata, Merrilyn ta koma gida ta ɗauko jaka. Suka yi tafiyar yini guda, gonakin alkama a dama, teku na leƙowa a hagu, ba su cika magana ba. Da suka wuce Port Pirie Merrilyn ta ce, tana kallon titi, "Lokacin da kike Woomera, kina tunawa da mu?"

Beryl ta gyara riƙon sitiyari.

"Ina tunawa. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, daɗi nake ji a can. Da dare ya yi in ce gobe zan koma gida, da gari ya waye in ga hanya."

"Na sani. Baba ya ce kada in riƙe ki da shi, haka aka yi ki."

"Kin riƙe?"

"Na riƙe mana." Ta buɗe ledar biskit ta miƙa mata ɗaya. "Ki dubi gabanki, akwai babbar mota."

Suka ci soyayyen kifi da dankali a bakin ruwa, a tsaye, saboda Beryl ta ce benci ya yi zafi. Washegari Merrilyn ta hau bas, ta zauna ta taga. Kafin direba ya tayar, ta hango motar mahaifiyarta ta riga ta hau gadar fita gari, ɗakin yana lilo a bayanta.

Beryl ba ta sake zama a Adelaide ba. Takan zo Kirsimeti da fata kamar busasshen ganye, ta kwana biyu a ɗakinta a gefen gidan Merrilyn, ta koya wa jikoki karta, ta tafi. Ta tsinci inabi a bakin kogin Murray, ta yi girki a wata tashar mai, ta zagaye ƙasar ta sake juyowa ta ɗaya gefen. Da ido ya fara gazawa aka karɓe lasisinta a Carnarvon, can yamma, sai ta zauna a nan dole, a filin masu ɗakunan taya, tana bin bakin teku da sanda. A can ta rasu. Merrilyn ta ɗauki hutu ta je ta yi abin da ya kamata, ta bar wa maƙwabcin da ke kai wa tsohuwar kasuwa ɗakin, ta dawo ranar Lahadi don Litinin akwai sababbin na'urori da ke jiran gwaji.